Silimar yuro uku a Madrid, abinda na gani a Cine Doré

Gaskiya sanyi ne ya fara kaini Cine Doré ba son fim ba. Watan Janairu ne, dakin da muke haya mu uku a Lavapiés munyi yarjejeniya ba mai kunna hita sai tara na dare saboda kudin wuta, ni kuma karfe hudu nake tashi daga aiki, toh ina zan kai kaina har awa biyar? Wani dan Senegal da muke aiki tare ne yace min akwai gidan silima na gwamnati nan saman unguwarmu, tikiti yuro uku, ga dumi ga kujera mai laushi, in fim din bai maka ba kayi barcinka ba mai tashinka. Wallahi da niyyar barcin naje. Yau wata goma sha daya kenan ina zuwa, sau biyu kacal nayi barcin.

Wajen yana kan titin Santa Isabel, jikin kasuwar Antón Martín, in ka fito daga tashar metro ta Antón Martín a layi na 1 ko minti uku bazaka yi ba a kafa. Bazaka bata ba, gini ne mai kalar jan kasa da fararen ginshikai, yayi daban da na kusa dashi. Ginin na 1923 ne, yayi zamaninsa a matsayin silimar talakawan unguwa har suka sa masa lakabin fadar 'ya'yan sunfulawa saboda abinda 'yan kallo ke bantara kenan suna watsar da bawon a kasa, kamar yadda ake yi da gyada a wajenmu. An rufe shi a 1963, ya dade a kulle, sai 1989 aka sake bude shi a matsayin dakin nuna finafinai na Filmoteca Española, wato hukumar dake adana tsofaffin finafinan kasar tana gyara wadanda suka lalace. Kana shiga zaka tarar da wajen shan shayi a tsakiya da dan shagon littattafai a gefe. Babban dakin kallon shine abin gani, yana da bene, an kawata bango da rufi irin na da, in ka zauna kafin a kashe fitila sai kaji kamar kudin daka biya yayi kadan. Akwai karamin daki na zamani, da zafi kuma suna nuna fim a fili a sama.

Dokarsu daya ce ta fara bani mamaki, da zarar an fara fim an rufe kofa kenan. Na taba zuwa na makara da minti shida don na tsaya hira da mai aski, dole na juya, kuma laifina ne don an rubuta. Daga baya ma na koma son dokar, ba mai tsallake kafarka da fitilar waya ana tsakiyar kallo, ba a cin komai a ciki, shiru kamar dakin jarabawa. 'Yan kallon kashi biyu ne, daliban jami'a masu jakar goyo da kuma tsofaffi 'yan fansho wadanda wasunsu sun kalli fim din tun fitowarsa ta farko. Akwai wani tsoho da in har muka hadu sai yayi tari daga farko har karshe, na haddace kujerarsa yanzu, nesa nake zama.

Abinda ya kamata mutum ya sani tun kafin yazo, fim din da yake na Sifaniya da Sifaniyanci zaka kalle shi tsura. Na kasashen waje ne ake sa wa fassara a kasan allo, itama da Sifaniyanci. Watannin farko na sha wuya, musamman finafinan wani darakta Luis García Berlanga, don shi mutum goma zai tara a waje daya kowa na magana ba mai sauraren wani, kamar taron rabon gado. Dabarar dana koya itace in karanta labarin a waya a metro kafin in iso, sai in bar kunne ya kama abinda zai iya. Wannan ya gyara min yaren fiye da ajin da nake zuwa ranar Asabar.

Kuma fim din Berlanga din ne ya hana ni barcin ranar farko, sunansa Plácido, na 1961. Labarin wani talaka ne mai babur mai kafa uku na daukar kaya, wanda ya karba bashi ana biya kadan kadan, kuma ranar jajiberin Kirsimeti ce ranar da zai biya kason farko in ba haka ba takardar ta wuce hannun hukuma. Ina ganin babur din nace wannan ai dan adaidaita ne. A ranar masu kudin garin sun shirya wani biki na cewa kowane gida ya dauki talaka daya yaci abincin dare dashi, wani kamfanin tukwane ne ya dauki nauyi, an kawo 'yan fim daga Madrid anata daukar hoto, shi kuma Plácido an dauke shi haya yana yawo da katon tauraro a kan babur dinsa cikin jerin gwano. Duk wanda ya tara yace don Allah a bashi kudin aikinsa yaje banki kafin a rufe sai ace masa ya dakata ana hidimar talakawa. Kaji fa, ana hidimar talakawa. Har daya daga cikin tsofaffin da aka gayyato ya fadi ciwo a gidan masu kudin, su kuma damuwarsu ba ciwon bane, sun gano yana zaune da wata mata ba aure, sai suka dage sai an daura kafin rai ya fita, yana cewa a'a ana cewa eh yace. Da ya mutu kuma a babur din Plácido aka loda gawar a fitar da ita daga gidan kar ta bata musu biki. Dakin gaba daya dariya ake, nima inayi, amma tunanina na wajen kanin babana da yayi shekara biyu yana kai balas kullum, ranar da bai samu ba baya iya cin tuwo. Duk wanda ya taba tsayawa layin rabon kayan azumi inda mai kyamara yafi mai awon shinkafa muhimmanci zai gane fim dinnan ko baya jin kalma daya.

Daga nan na fara bin takardar jadawalinsu ta wata wata ina zagaye duk wani fim na shekarun 1950 da 1960, sai na lura abu guda ke ta dawowa: gida. Wajen kwana. Mu da muka zo muka tarar da Madrid ta metro da Real Madrid bamu san cewa kakannin wadannan mutanen sunyi rayuwar daki daya mutum takwas ba. Akwai El pisito, na wani dan Italiya Marco Ferreri, saurayi da budurwa sun fi shekara goma suna soyayya ba aure don ba daki, karshe budurwar da kanta ta bashi shawara ya auri tsohuwar da yake haya a gidanta, in ta mutu ya gaji hayar. Ya aura, tsohuwa kuma taki mutuwa da wuri. Rafael Azcona ne ya rubuta labarin, kuma shine dai ya rubuta El verdugo tare da Berlanga a 1963, wanda a ganina duk cikin wadanda na kalla ba kamarsa.

El verdugo ma'anarsa hauni, wato mai zartar da hukuncin kisa. Wani saurayi ne ma'aikacin kamfanin jana'iza, ba mace mai sonsa saboda aikinsa, ya hadu da 'yar hauni wadda itama ba mai zuwa zance wajenta saboda aikin ubanta, suka daidaita. Tsohon zai yi ritaya, kuma gidan gwamnati da aka basu sai ma'aikaci ne zai rike shi, don haka aka lallaba surukin ya cike takardar neman aikin hauni, ai suna ne kawai, ai kullum afuwa ake yi, ba za'a taba kiranka ba. Bawan Allah ya koma duk inda yaga ana fada a titi sai ya ruga yana rabawa kar wani ya kashe wani a kira shi aiki. Sai ga takardar kiran aiki daga birnin Palma de Mallorca. Iyalin suka maida tafiyar yawon shakatawa, har suna cikin kogon nan na 'yan yawon bude ido ana kida cikin duhu sai ga jandarmomi a kwalekwale suna kiran sunansa da lasifika. Wajen da bazan manta ba shine karshe, wani katon fili fari fat cikin gidan yari, an dauko hoton daga sama, mutane gungu biyu suna tafiya zuwa wata 'yar kofa, na gaba sun rako wanda za'a kashe yana tafiya da kafarsa, na baya kuma jan haunin suke don kafafunsa sun ki daukarsa. Dariyar dakin ta dauke dif. A shekarar da fim din ya fito gwamnatin Franco ta kashe mutum biyu da irin wannan karfen shake wuyan da ake gani a jakar tsohon, kuma ba'a daina amfani dashi ba sai 1974.

Anan ne na fara tambayar kaina wai ta yaya aka bari suka fito? Don Janar Franco ya rike kasar tun karshen yakin basasa a 1939 har mutuwarsa a Nuwamban 1975, kuma duk fim sai ya bi ta hannun masu tacewa, tun yana rubutu a takarda, da limaman coci a cikinsu. Daga 1941 aka wajabta a dora muryar Sifaniyanci kan duk fim din waje, wanda hakan ya basu damar canza magana yadda suka ga dama. Labarin da kowa ke bayarwa yana dariya shine na wani fim din Amurka, Mogambo, inda don kar a nuna matar aure tana son wani sai suka maida mata da mijin wa da kanwa, garin gyaran gira aka rasa ido. Kafin kowane fim kuma dole a nuna labaran gwamnati da ake kira NO-DO, Franco yana bude madatsar ruwa, Franco yana kamun kifi. Toh mutumin da aka hana shi fadin abu kai tsaye me zaiyi? Habaici. Duk finafinan nan habaici ne, irin na matar gida da take zagin akuya alhali da kishiya take. Ba mai cewa gwamnati ta gaza, sai dai a nuna maka mutum ya zama hauni saboda daki biyu da falo. Shi Plácido ma sunan da aka so sa masa shine taken bikin ciyar da talakan, masu tacewa suka ki, aka canza suna aka bar labarin yadda yake.

Ranar da aka nuna Surcos, na 1951, nazo da wuri na zauna a wajen shayin, wata tsohuwa mai sanda ta nemi zama a teburina don ko'ina ya cika. Fim din labarin iyali ne da suka baro kauye suka sauka a Madrid da kwandunansu da kajinsu suna tunanin kudi a titi ake tsinta, suka rabe a gidan 'yan uwa a Lavapiés, unguwar da nake kwana, cikin irin gidajen nan masu tsakar gida daya da baranda zagaye, har yau akwai su. Uban ya gwada tallan alewa ya kasa, ya gwada aikin masana'anta karfinsa bai kai ba, ya koma wanke wanke a gida matarsa na masa gori, babban dan ya shiga harkar masu satar kaya daga manyan motoci ana kaiwa kasuwar bayan fage, don lokacin abinci da kati ake rabawa har zuwa 1952, 'yar kuma wani mai kudi ya rude ta da zancen zai maida ta mawakiya. Karshe dan ya mutu, sauran suka koma kauye. Bayan an tashi na sake haduwa da tsohuwar a bakin kofa, nace señora ya kika ga fim din? Tace dana, ni ba fim na gani ba, ina shekara bakwai muka zo daga yankin Extremadura da katifa a daure da igiya. Sai ta tambaye ni mu nawa ne a dakinmu, nace uku, tace ku 'yan gata ne. Wanda yayi fim dinma, Nieves Conde, dan jam'iyyar gwamnatin ne, ba dan adawa ba, amma hakan bai hana masu tacewa canza masa karshen labari ba.

Wanda yafi kowanne saukin kallo, wanda zan ce mutum ya fara dashi, shine Bienvenido, Mister Marshall na 1953. Wani kauye ne aka aiko musu cewa Amurkawa masu rabon tallafi zasu biyo ta garinsu. Sai magajin gari, wani tsoho mai nauyin kunne, ya yarda da shawarar wani dillalin mawaka cewa Amurkawa Andalus suka sani, don haka kauyen gaba daya ayi shigar Andalusawa, aka ciyo bashi aka kafa bangayen kwali a titi, aka koyawa mutane wakar tarba, akayi layi kowa ya fadi abu daya da yake so a kawo masa, wannan alfadari wancan keken dinki. Ranar ta zo, motoci suka taho, suka wuce fuuu da kura ko birki basu taka ba. Washegari aka sake yin layi, wannan karon kowa ya kawo abinda ya mallaka a biya bashin kwalliya. Ni dai ina firamare mun taba wuni a rana da 'yan tutoci tun safe har la'asar, bakon bai ko sauke gilashi ba, don haka dariyata tafi ta kowa a dakin. Ita Sifaniya dama ba'a saka ta cikin tallafin Marshall din ba, wato tallafin da Amurka ta baiwa kasashen Turai bayan yakin duniya na biyu.

Calle Mayor kuwa ban yi dariya ko sau daya ba. Na Juan Antonio Bardem ne, 1956. Wasu samarin gari marasa abin yi suka hada baki daya daga cikinsu ya nuna yana son wata mata 'yar shekara 35 da gari ya gama yanke mata hukuncin tayi kwantai, don kawai a kunyata ta a bainar jama'a ayi dariya. Ta yarda da gaske, tana ta lissafin gida da labule. Rayuwarta duka daga coci sai gida sai zagayen babban titi da yamma inda kowa ke kallon kowa. Matar aure a kasar nan har 1975 sai da izinin miji zata bude asusun banki ko ta kama aiki, saki kuma sai 1981 aka halatta, toh ka auna wadda bata da mijin ma a wane matsayi take. Ina fita na kira yayata, ban fada mata dalili ba, hira kawai mukayi.

Ba duka ne suka min ba. El espíritu de la colmena na 1973 kowa yabonsa yake, kuma farkonsa ya burge ni, motar majigi ta shigo kauye yara na binta da ihu, kowa ya dauko kujerarsa daga gida, amma daga nan shiru yayi yawa, daya daga cikin barcina biyu anan nayi shi. Zan sake gwadawa ranar da banyi aikin safe ba. Finafinan wake wake na mata masu fanka da doguwar riga kuma, wanda ya tashi da finafinan Indiya zai iya jin dadinsu, ni biyu na kalla na koshi. Viridiana ta darakta Luis Buñuel, wadda taci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1961 aka kuma haramta ta a kasar har 1977, fim ne mai karfi amma akwai wajen da mabarata suka mamaye gida da bazan so in kalla kusa da wanda nake jin nauyi ba. Sannan a kula da shekara, duk abinda ya fito bayan mutuwar Franco, musamman karshen shekarun 1970 da aka soke tacewa, tsiraici ya yawaita sosai, a duba kafin a sayi tikiti. Na 1950 zuwa tsakiyar 1960 dai da wuya kaga abinda zai sa ka sunkuyar da kai, masu tacewar sun riga sun yi maka wannan aikin.

Maganar ciki, ni shayi ko kofi kawai nake sha a wajen, abinci kuma in an tashi sai in gangara Lavapiés inda gidajen abincin 'yan Senegal da 'yan Bangladesh suke, akwai halal kuma da arha. Lokacin sanyi magariba tana fadowa wajen shida, daidai lokacin fim din farko, shiyasa nafi daukar na biyu. Dalibai da tsofaffi ana musu ragi, kazo da katin makarantarka. In fim din sananne ne kamar El verdugo ka sayi tikiti da wuri ta intanet don yana karewa, na taba ganin layi har kofar kasuwa. Ranar Litinin basa budewa, kar kayi irin tawa, na taba hawo tudun nan cikin ruwan sama na tarar da kofa a kulle, na koma daki na zauna da jaket har tara tayi.